Sallamar da Na Yi wa Mai Kala

Jama'a, abin da zan ba ku yau ba ji na yi a bakin wani ba, ba kuma a mota aka ba ni labarinsa ba, a kaina ya faru, kuma wallahi da da yadda zan yi in ce ƙarya ne da na fi kowa murna. Sunana ba zai ƙare ku da komai ba, ku bar shi kawai.

Yau shekara bakwai ke nan ko ta ɗan gota. A lokacin ina aiki a wani shagon taki da maganin feshi a Funtua, aikina shi ne in ɗaure kaya a bayan babur in bi kasuwanni da ƙauyuka, yau ina Danja, gobe Bakori, jibi in faɗa ɓangaren Malumfashi, duk inda manomi ya kira sai na je. Asalina ɗan wani ƙauye ne a gefen Tsiga, can mahaifiyata take zaune, Inna muke ce mata, ni kuma ina haya a Funtua da matata.

To muna da wani gurup a waya na 'yan ajinmu na sakandare. Ranar da sabuwar shekara ta kama sai Kayode ya kawo wata shawara. Kayode Bayerabe ne haifaffen Funtua, mai shagon gyaran waya, in yana Hausa sai ka rantse kakansa ne ya sari garin. Ya ce kowa ya riƙa ɗaukar hoto ɗaya kullum da hannunsa, ya tura kafin isha'i, har shekara ta zagayo, wanda ya tsallake ko da rana ɗaya ce ya faɗi. Babu kyauta, babu ko kwabo a ciki, kawai dai a ce wane ya iya. Mu ashirin da wani abu muka fara, kafin damina ta sauka mun koma tara.

Ni tun a watan farko na gano wani abu. In ka tura hoton gona ta yi kore shar, ko shanu suna shan ruwa, sai mutum biyu su ce ya yi kyau, shi ke nan. Amma in ka tura ɗan acaba ya kife a kwata da kwandon tumatir, ko wani ƙaton mutum wandonsa ya yage yana hawa a-kori-kura, ai gurup sai ya kama da wuta har gari ya waye. Ni kuma Allah ya ba ni ido, ya ba ni baki, na iya rubuta magana ɗaya a ƙasan hoto da za ta sa mutum ya shaƙe da dariya. Suka laƙaba min Mugu, kuma ba zan ɓoye muku ba, sunan daɗi yake min. Har ya kai in ina tafe a babur ba hanya nake kallo ba, neman wanda zai ji kunya nake yi.

A ƙauyenmu akwai wani dattijo, Alhaji Mamuda mai sikeli. Zamanin da auduga take auduga, shi ne yake awo, shi yake cewa wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba uku, kuma in ya faɗa ta zauna. Ina yaro na taɓa raka babana, Allah ya jiƙansa, kai auduga, Alhaji Mamuda ya cusa hannu a buhu, ya zaro, ya watsar a ƙasa a gaban mutane, ya ce, "Malam Audu, wannan ai shara ce, lamba uku ma alfarma na yi maka." Mutane suka yi dariya, babana ya durƙusa yana tsince audugarsa. Abin nan bai taɓa fita daga raina ba. Daga baya harkar auduga ta ja baya, girma ya kama Alhaji, amma kullum yana sahun gaba a masallaci da babbar rigarsa fara tas, ana ba shi hanya, kowa yana ɗauka akwai sauran ajiya.

Ranar da abin ya faru da kaka ne, an gama karyar masara, saura kamar kwana saba'in mu cika shekara, mu huɗu muka rage a gasar. Na kai wa wani manomi, Malam Isiya, maganin ƙwarin ajiya a gonarsa can wajen Gozaki. La'asar ta gota, kuma ranar duk ban samu hoton kirki ba, raina a ɓace yake. Muna tafe a gefen gonar muna magana sai na ga Malam Isiya ya yi wuf ya juya fuskarsa gefe, ya rage murya, ya kama hannun rigata ya ce, "Mu bi ta nan."

Ni ɗan ƙauye ne, na san abin da hakan yake nufi. Mai kala ne a gonar. Ga waɗanda suka tashi a birni, kala shi ne in an gama girbi an kwashe amfani, sai wanda ba shi da shi ya shiga ya tsince abin da ya zube ko aka manta a jikin kara. Ba sata ba ce, ba a hana kowa, wasu manoman ma da gangan suke barin 'yan goyon masara. Amma a wajenmu akwai ƙa'ida, in ka ga mai kala, musamman babba, sai ka kawar da kai kamar ba ka gan shi ba. Ko sallama ba a yi masa, don in ka yi sallama dole ya amsa, in ya amsa dole ya ɗago, in ya ɗago ka ga fuskarsa. Ko yaron goye ya san wannan.

Ni kuwa sai na waiga. Abin da ya fara jan idona babbar riga ce fara an rataye ta a reshen ɗorawa, da hula a kanta, ga tsohon keke a jingine. Can tsakiyar gona wani tsoho ne a duƙe, daga shi sai 'yar shara da wando, yana jan tsohon buhun taki, yana ɗaga kara ɗaya bayan ɗaya. Ko daga baya na gane shi. Alhaji Mamuda ne, ya tako keke tun daga gefen Tsiga har nan, don dai ya yi nisa da inda aka san shi.

Wallahi ba tausayi ne ya fara zuwa min ba. Daɗi na ji, wani irin daɗi har cikin ƙashina. Na zare hannuna daga na Malam Isiya, na ciro waya, na matsa. Sai dai a duƙe yake, in na ɗauka a haka ba wanda zai gane shi. Shi ne na saita wayar sosai, na ɗaga murya na ce, "Salamu alaikum, Alhaji! Barka da aiki!"

Ya tsaya cak, hannunsa a kan kara. Ya daɗe a haka, kamar mai shawara da kansa. Amma dattijo ne, ba zai iya jin sallama ya ƙi amsawa ba. Ya ɗago a hankali ya ce, "Wa alaikumus salam," ni kuma na danna.

Malam Isiya ya ce, "Subhanallahi, kai wane irin yaro ne?" ya juya ya yi tafiyarsa. Alhaji ya saki buhun ya tako zuwa wurina, ƙafarsa duk ƙaiƙayi, ya dube ni ya ce, "Kai ba ɗan marigayi Malam Audu ba ne?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ɗana, don Allah don Annabi ka goge. Hajiya ba ta sani ba. Gonar fadama na sayar da ita tun bara waccan, ce mata nake yi daga can nake kawowa. Ba wanda ya sani a gari. Kwana nawa ya rage min? Ka bar ni in tafi da rufin asirina."

Mutumin da ya haifi kamata yana kama hannuna da hannu biyu. Na ce, "Haba Alhaji, ai ba komai," na buɗe wani hoto daban na goge a gabansa, don na san idonsa ba zai bambance ba, na ce, "Wallahi na goge." Ya sauke ajiyar zuciya, ya dafa kaina ya ce, "Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa min." Ni da bakina na ce amin.

Ko titi ban kai ba na tsaya na tura. Na rubuta a ƙasa: Mai sikeli ya koma lamba uku.

Dariyar da aka yi ranar ba a taɓa yin irinta ba a gurup. Kayode kaɗai ne ya kira ni ya ce, "Mugu, wannan ba wasa ba ne, dattijo ne fa, cire shi." Na ce masa ya je ya gyara wayoyinsa, dokar gasa ba ta ce sai hoton da ya yi masa daɗi ba. Kuma ko da na so cirewa, bakin alƙalami ya riga ya bushe, don cikin 'yan ajinmu akwai 'yan garinmu biyu, kafin kwana biyu hoton ya shiga kowace waya a ƙauyen. Yara suka fara binsa a hanya suna cewa lamba uku. A gidan suna wata mata ta miƙa wa Hajiyarsa waya ta ce, "Wannan ba maigidanki ba ne?" Aka ce a wurin ta zauna daɓas, sai da aka riƙo ta zuwa gida. Alhaji ya daina zuwa masallaci, ya daina fitowa ko zaure.

Da na je gida ranar Juma'a, na gaida Inna ba ta amsa ba. Tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Shekarar da ubanku ya kwanta ciwo, ka san da me na ciyar da ku?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Da kala. Wata biyu ina fita da kai a bayana, kuma har yau ba wanda ya taɓa faɗa maka, don ba wanda ya gan ni." Ban tambaye ta a gonar wa ba, tsoron amsar nake ji. Ta ce in tashi in je in ba Alhaji haƙuri yanzu-yanzu, na ce to, na fita, na hau babur na koma Funtua. Girman kai ne ya hana ni, ina cewa sai ƙura ta lafa.

Kwana goma sha tara da ɗaukar hoton aka ce ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana alwala, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Na je jana'iza, na tsaya a sahun baya. Kuma don ku san irin mutumin da nake a lokacin, ranar ma ban tsallake ba, takalman mutane na ɗauka a ƙofar gidan na tura.

Washegari ina kasuwar Danja, da rana tsaka, na tsaya wajen wani mai rake da muka saba, na ce ya tsaya in ɗauke shi. Ya gyara hula, ya riƙe sanda biyu na rake, yana kallona yana washe baki. Na danna. Da na duba sai na ga a hoton ya juya fuskarsa gefe, kunnensa da ƙeyarsa kawai ake gani. Na ce, "Kai don Allah tsaya mana." Ya ce ai bai motsa ba. Na sake, haka. Na sake na uku, haka, har ma mutanen da ke wucewa a bayansa duk sun kawar da kai. Na ce wayar ce take jinkiri, na tura a haka na manta.

Kwana huɗu ana haka sai Kayode ya rubuto, "Mugu, me ya sa mutanenka duk suke juya maka ƙeya?" Aka yi dariya, ni ban yi ba. Na kai masa wayar shago na ce ya duba min kyamara. Ya karɓa, ya ɗauki mai shagon kusa da shi, hoto ya fito lafiya lau, fuska a fili. Ya miƙo min ya ce in ɗauke shi, ya tsaya yana kallona ido cikin ido, ko ƙiftawa bai yi ba. Na danna, muka duba tare. A hoton Kayode ya juya kai gefen hagu, ya ɗan sunkuyar, irin yadda Malam Isiya ya yi a gona sak. Ya ce, "A'a." Ya ba ni tasa wayar, na ɗauka, haka. Ya ciro wata sabuwa fil daga kwali, na ɗauka, haka. Ya karɓe wayarsa da sauri ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ba aikin mai gyara ba ne."

Na gwada a kan komai, kar ku ce ban gwada ba. Awaki suna kallona a hoto, jaki yana kallona, kaji ma haka. Mutum ne kawai ba ya kallona. Na ɗauki matata tana dariya, ta fito ta juya. 'Yata a lokacin watanta uku, ko wuyanta bai gama tsayawa ba, na kwantar da ita a katifa tana kallon sama, na ɗauka, ta fito fuskarta a bango.

Na je wurin wani malami a Funtua na zayyane masa komai, har rantsuwar ƙaryar. Bai ba ni rubutu ba, bai ba ni laya ba. Ya ce in yi kaffarar rantsuwa, in yi ta istigfari, in yi wa mamacin sadaka, amma haƙƙin mutum sai mutum ya yafe, in je wurin iyalinsa. Na ɗauki buhun masara guda na ɗaure a babur, wai ni mai hankali, na tafi. Hajiya tana takaba, ta bayan labule ta yi min magana. Na durƙusa a ƙofar ɗaki na ce, "Hajiya, ni ne, na zo ki yafe min." Ta ce, "Shekara biyu na san ya sayar da gonar nan. In ya kawo masara da ƙasa a jikinta, sai in ce kai, fadama ta yi kyau bana. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ban ɗago masa kai ba, sai kai." Na ce ta yi haƙuri. Ta ce, "Ni ba ni ka yi wa sallama ba. Wanda ka yi wa ya amsa maka, je ka nema a wurinsa. Kuma ka ɗauke masararka daga ƙofar gidana."

Gasar kuwa na ƙarasa ta, da itatuwa da rumbuna da jakuna, don har lokacin akwai sauran taurin kai a jikina. Ni kaɗai na kai ranar ƙarshe. Aka yi ta turo tafi a gurup ana cewa Mugu ya ci, ni kuma na kashe wayar na jefa a akwati. Daga nan na daina ɗaukar mutane, in ana biki ko suna sai in miƙa wa wani wayar in ce hannuna rawa yake yi.

Bayan shekara biyu Inna ta kwanta ciwo, muka kai ta asibiti a Funtua, ni nake jinyarta da rana. Ta riga ta yafe min nata ɓacin ran tuntuni, uwa ce. Wata ranar Talata da hantsi ta ɗan samu sauƙi, ta sha kunu, har tana tsokanata wai na yi tumbi. Ƙanwata da ke aure a Kaduna ta bugo ta ce a turo mata hoton Inna ta gani. Akwai mutane a ɗakin, da na miƙa wa kowa wayar da ya ɗauka. Amma sai na ce a raina, shekara biyu ina istigfari, ina sadaka, kuma ko duniya duka ta kawar min da kai, wadda ta haife ni ba za ta kawar ba. So nake in gani da idona cewa an yafe min.

Na ce, "Inna, kalle ni." Ta gyara ɗankwali da hannunta mai ƙarin ruwa, ta kalle ni, ta yi min murmushin nan nata na gefen baki, ta ce, "To ɗauka mana, ka tsaya kana kallona kamar baƙo." Ina kallon ƙwayar idonta na danna.

Ta ce, "Mu gani." Na ce bai fito ba. Ta ce, "Kawo nan." Ban taɓa iya yi mata musu ba, na miƙa mata. Ta kawo wayar kusa da idonta ta daɗe tana kallo, ga ta nan kwance a gadon asibiti, ga ɗankwalin, ga robar ƙarin ruwa, fuska kuma ta juya bango. Ta ajiye wayar a kan ƙirjinta, ta kamo hannuna, ta ce, "Wallahi ni ban juya ba, ɗana. Ban juya ba." Sai hawaye.

Kwana huɗu bayan nan ta rasu, kuma wannan ne hotonta na ƙarshe a duniya.

Na tambayi malamai, na tambayi masu boko, wani ya ce aljanu ne, wani ya ce idona ne, to in idona ne Kayode fa, Inna fa? Ni dai ban sani ba, kuma na daina neman sani. Abin da zan ce muku, ku da waya ba ta barin hannunku, shi ne ba duk abin da ido ya gani ne naku ba. In mutum ya roƙe ku ku goge, ku goge a gabansa da gaske, in kuma kun riga kun ɓata wa wani, ku je yau, kar ku ce sai ƙura ta lafa, don ba ku san wa zai riga wani ba. Ku sa Alhaji Mamuda a addu'a, ku sa mahaifiyata, in da saura ku sa ni.

Hoton yana nan, na canza waya sau uku ina kwashe shi. Wani lokaci in na idar da sallar walaha nakan buɗe in duba, ko Allah ya sa ta waigo. Na duba yau da safe kafin in fara rubuta muku wannan, tana kallon bango.